Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo: Malamin Da Yake Tsayawa Kafin Ya Fita

  

In aka ambaci Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, abin da yake fara faɗo mana a rai shi ne tuta da dawaki da ƙurar yaƙi. Haka aka koya mana a makaranta: jihadin 1804, faɗuwar Alƙalawa, kafuwar daular Sakkwato, sai a rufe littafi. Amma in ka zauna ka lissafa, Shehu ya yi shekara 62 a duniya, yaƙinsa da Gobir kuwa bai cika shekara 5 ba. To sauran shekarun fa, me yake yi a cikinsu? Yau ina so mu bi rayuwarsa ta wata ƙofar, mu ga yadda ya riƙe zuciyarsa.

Abin da ya sa na zaɓi wannan ɓangare shi ne kukan da ya yi yawa a bakin mutanenmu, musamman matasa: zuciya ta ƙi zama wuri guda. Mutum ya kwanta barci ya ƙi zuwa. Ya kabbara salla, hankali yana kasuwa. Ga tsadar abinci, ga bashi, ga labarin 'yan bindiga daga ƙauyukanmu, ga waya a hannu tana zubo masa damuwar duniya tun kafin ya wanke ido. Wasu sun koma bin bidiyoyin da ake koyar da zaman shiru da ƙirga numfashi, irin wanda ya samo tushe daga addinan Indiya. Wasu kuma, Allah Ya shirya, sun koma ga kwalbar maganin tari da ƙwaya. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Kafin mu je aro, mu duba abin da magabatanmu suka bar mana a gida.

TASHINSA

An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir a watan Disamba na 1754, daidai da ƙarshen Safar na 1168 bayan Hijira. Garin yana cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Mahaifinsa Malam Muhammadu ne, wanda ake wa laƙabi da Fodiyo, wato malami masani da Fulatanci. Mahaifiyarsa Hauwa. Toronkawa ne, zuriyar malaman da suka taso daga Futa Toro. Yana ƙarami gidansu ya koma Degel, a can ya girma, a wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani.

Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta sunayen malaman da suka karantar da su. A cikinsu akwai kawunsu Usmanu Binduri, wanda Shehu ya karanta Muhtasar na Halilu a wurinsa. Kusan shekara 2 yana tare da shi. Abin da aka fi ambata game da wannan zama shi ne halin da ya ɗauka: tsoron Allah, kamewa, da horo da alheri da hani ga mummuna. Ka lura da wannan tun daga farko, ɗan uwa. Natsuwa ana ɗaukarta a wurin mai ita, kamar yadda ake ɗaukar hayaniya a wurin masu hayaniya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sai babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shehu ya bi shi har Agadas, yana karatu. Daga nan Malam Jibrilu ya ɗauki hanyar Makka. Shehu yana son ya bi shi, amma bai fito gida da izinin mahaifinsa na wannan doguwar tafiya ba, don haka ya juyo. Wannan fa mutum ne da tun yana ɗan shekara 20 ya yi ƙasidarsa ta Larabci da aka sani da Daliyya, wadda daga farkonta har ƙarshenta begen Manzon Allah (SAW) ne da ƙishirwar ganin Madina. Har ya koma ga Allah bai taka Makka ko Madina ba. Babban burin ransa bai samu ba, ya rayu da wannan gurbi a zuciya fiye da shekara 40, kuma hakan bai mai da shi mai ɗaci ba. Wanda yake jira sai komai ya daidaita sannan hankalinsa ya kwanta, to zai daɗe yana jira.

TSAYUWAR NAN

A 1188 bayan Hijira, wajen 1774, ya fara wa'azi a Degel. Daga baya ya shiga Kabi, ya kuma yi kimanin shekara 5 yana yawon wa'azi a Zamfara. Yana magana da mutane da Hausa da Fulatanci, yana koya musu tauhidi da alwala da salla, yana barin mata su halarci majalisinsa duk da sukar da wasu malamai suka yi masa a kan haka. Jama'a ta yi ta ƙaruwa har Degel ya zama garin ɗalibai.

Ɗansa Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya siffanta mana majalisin mahaifinsa. Yakan fito da sakin fuska, ya yi wa mutane sallama, ya nemi a yi shiru. Ba ya nuna ƙosawa ko da taron ya cika da masu surutu da marasa ladabi. In wani ya jefo tambaya yana tsakiyar magana, sai ya dakata ya amsa masa, sannan ya ci gaba.

Daga ina wannan haƙuri yake zuwa? Bello ya ga wani abu a cikin gida wanda mutanen waje ba su gani. Ya lura duk sanda mahaifinsa zai fita wurin jama'a, sai ya ɗan tsaya a gefe guda a cikin gida, shi kaɗai, ya yi wasu 'yan kalmomi a hankali, sannan ya fita. Da ya tambaye shi, sai Shehu ya bayyana masa cewa niyya yake sabuntawa. Yana yi wa Allah alkawarin yin abin da zai fita yi domin Shi kaɗai, yana kuma roƙon Ya fahimtar da mutanen abin da zai gaya musu. In ya zauna a majalisin ma yakan sake tuna wannan alkawari.

Dubi ƙanƙantar abin. Babu kogo, babu dutse, babu kwana 40. 'Yar tsayuwa ce tsakanin ɗaki da ƙofar gida. Mutumin da dubban mutane suke jira a waje bai yarda ya faɗa cikinsu da zuciya a warwatse ba. Sai ya tattaro ta, ya tuna mata Wanda take yi dominSa, sannan ya ɗaga ƙafa. A ganina duk wanda ya fahimci wannan tsayuwa ya riƙe mabuɗin rayuwar Shehu, domin za mu ga alamarta a duk inda aka gwada shi.

ABIN DA YA KOYAR GAME DA ZUCIYA

Shehu Baƙadire ne, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Shi ne kuma ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a wajen 1793, littafin da ya bi ibada babi-babi yana ware sunna da bidi'a. Shi ya sa yau kowane ɓangare yake cewa nasa ne. Ni ba rigimar nan na zo tayarwa ba. Abin da ya koyar wa gama-garin mutane game da zuciya babu mai jayayya a kansa.

Bayan tauhidi da fiƙihu, yakan karantar da cututtukan da suke halaka zuciya: jiji da kai, girman kai, hassada, fushi a kan ɓata, rowa, riya, son girma, son dukiya, dogon buri, da munana zato ga Musulmi. Sannan ya kawo masu tserar da ita: tuba, gudun duniya, taƙawa, tawakkali, miƙa al'amari ga Allah, yarda da hukuncinSa, ikhlasi, tsoro da fata. Wannan tsari ne irin na Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, a cikin Ihya'u Ulumid Din. Ka sake karanta jerin farko a hankali. Mafi yawan abin da yake hana mu barci yana ciki. Wane ya sayi mota, wance ta yi aure, wane ya faɗi magana a kaina, shekara 5 nan gaba ina zan kasance. Hayaniyar da take cikin kai ba daga titi take shigowa duka ba, da yawa a ciki ake dafa ta.

Ya kuma sauke wa talakawa wani nauyi. A zamaninsa akwai ɗaliban ilimin kalam da suke cewa wanda bai iya kawo hujjojin tauhidi irin nasu ba, ba Musulmi ba ne. Mutane suka shiga waswasi a kan imaninsu. Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana rushe wannan. Hatta malaminsa Jibrilu, da ya tsananta har yana kafirta mutane saboda manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa a rubuce, tare da cewa bai daina girmama shi da ambaton alherinsa ba. Ka gwada wannan da yadda muke yi a Facebook in an saɓa mana a mas'ala guda. Zuciyar da ta natsu ce take iya cewa malamina ya yi kuskure a nan, kuma har gobe malamina ne.

ZINARIYAR MAGAMI

Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Babbar Salla, ya raba musu kyauta. Ya miƙa wa Shehu zinariya mai yawa. Shehu yana ɗan shekara 33 ko 34, a gaban sarkin da ake jin tsoronsa a ƙasar Hausa duka. Bai karɓa ba. Maimakon haka ya nemi abu 5: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki waɗanda aka tsare, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Ana yawan kawo wannan labari a babin jaruntaka, kuma haka ne. Amma ka tambayi kanka, ta yaya mutum zai ga zinariya da idon sarki a lokaci guda, kwaɗayi bai ja shi ba, tsoro bai kama harshensa ba, har ya iya jero buƙatun wasu a tsare? Wannan ba a ranar ake koyonsa ba. Shekara 14 ke nan yana tsayawa kafin ya fita, yana tambayar kansa domin wa. Ranar da babbar jarrabawa ta zo, amsar tana nan a shirye.

WURIDINSA

Shehu ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi da ake kira Wuridi. A ciki ya ba da labarin wani buɗi da Allah Ya yi masa yana ɗan shekara 36, da kuma abin da ya gani yana ɗan shekara 40 da 'yan watanni, wajen 1794, inda ya ga Manzon Allah (SAW) tare da Shehu Abdulƙadir Jilani, aka ɗaura masa takobin gaskiya. Malamai sun yi ittifaƙi cewa ba a gina hukuncin shari'a a kan mafarki ko kashafi, kuma Shehu da kansa da Alƙur'ani da hadisi da maganganun malamai yake kafa hujja a littattafansa. Abin da nake so ka duba shi ne zikirin da ya ambata a buɗin farko: hamdala sau 10, salatin Annabi sau 10, istigfari sau 10.

Shi ke nan fa. Abin da yaro ɗan makarantar allo zai haddace kafin a tashi. In ka yi shi a tsanake ba zai ci maka minti 3 ba. Malamin da ya rubuta littattafai fiye da 100, wuridinsa ya fara ne da kalmomin da kakarka ta sani. Ya kuma rubuta Umdatul Ubbad a kan nafilfilin salla da azumi da karatun Alƙur'ani, ɗan littafi ne shi ma, na abin da mutum zai iya ɗauka ya ɗore a kai. Wannan ya dace da hadisin Nana A'isha (RA) da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya nuna aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Begen Annabi da ya cika zuciyar Shehu ba baƙon abu ba ne a wurinmu Katsinawa. Ishiriniya tana cikin littattafan da Abdullahi ya karanta a wurinsa, kuma Waliyyi Ɗan Masani na nan Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi mata sharhi tun kafin a haifi Shehu.

LOKACIN DA ƘASA TA YAMUTSE

Bayan Bawa abubuwa suka canja. Sarki Nafata ya kafa doka: ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina rawani, mata su daina lulluɓi. Ɗansa Yunfa ya ƙara matsawa. Aka kai wa mutanen Malam Abdussalami hari a Gimbana, aka kama Musulmi bayi. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya bar Degel, garin da ya girma a ciki, ya yi hijira zuwa Gudu da iyalinsa da littattafansa. 'Yarsa Nana Asma'u tana 'yar shekara 11 ko ƙasa da haka. A Gudu jama'a suka yi masa mubaya'a.

An yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara. Kafin shekarar ta ƙare aka yi Tsuntsuwa, inda aka rasa kimanin mutum 2,000, a cikinsu mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Waɗannan ɗalibansa ne da abokansa, mutanen da ya san su da suna. A 1805 aka sake shan wuya a Alwasa. Ga yunwa, ga cuta, ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har aka zauna a Gwandu.

Shehu ya kai shekara 50 a lokacin. Abdullahi da Bello da Aliyu Jeɗo su ne suke jan runduna. Shi yana tare da jama'a, yana salla, yana addu'a, yana karantarwa, yana rubutu. A 1806, a tsakiyar wannan hali, ya kammala Bayanu Wujubil Hijra, littafi babba mai babi-babi, cike da nassoshi da maganganun malamai a tsare. Wanda ya taɓa gwada rubuta shafi ɗaya alhali hankalinsa a tashe ya san abin da wannan yake nufi.

Ina faɗin wannan ne saboda 'yan uwanmu da suka baro Batsari da Jibiya da Safana da sauran wurare suka shigo cikin birni ba don suna so ba. Shehu ya san barin gida. Ya san binne na kusa. Zikiri bai hana shi jin zafi ba, kuma bai zaunar da shi ya bar neman mafita ba. Abin da ya yi masa shi ne ya hana zafin ya ƙwace linzami.

A shekarun nan ne malaman Katsina, Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, suka jagoranci jihadi a wannan ƙasa, har Ummarun Dallaje ya zama Sarkin Katsina wajen 1807. Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808.

BAYAN NASARA

Wasu wahala ce take kayar da su, wasu kuma daɗi. Shehu ya ga duka biyun. Ƙasa ta dawo hannunsa, daga Kabi har Adamawa ana amsa sunansa. Sai ya koma Sifawa ya zauna yana karantarwa da rubutu. A 1812 ya raba tafiyar da mulki tsakanin Abdullahi a yamma da Bello a gabas. An ruwaito cewa tufafinsa 'yan kaɗan ne, kuma yakan tufka igiya da hannunsa a sayar, ya ci daga kuɗinta.

Mutane suka fara wuce gona da iri a kansa, har wasu suna cewa shi ne Mahadi. Ya rubuta Tahzirul Ikhwan ya ce ba shi ba ne. Ka ga tsayuwar nan ta sake bayyana. Yabo ma hayaniya ce, kuma ta fi zagi wuyar kaucewa, domin kunne yana sonta.

A 1815 ya koma Sakkwato, garin da Bello ya gina. Ya yi jinya, ya rasu ranar 20 ga Afrilu 1817, daidai da 3 ga Jimada Akhir 1232. Kabarinsa yana Hubbare. Allah Ya jiƙansa, Ya saka masa da alheri.

TO MAI FARAWA FA, TA INA?

Allah Ya gaya mana a Suratur Ra'ad, aya ta 28, cewa ambatonSa ne yake kwantar da zukata. A ƙarshen Ali Imrana, aya ta 190 da 191, Ya yabi masu ambatonSa a tsaye da zaune da kwance, masu tuntuntuni a kan halittar sammai da ƙasa. Zama shiru da sassauta numfashi ba laifi ba ne a kan kansa, jiki yana amfana da shi. Abin da za ka kiyaye shi ne maimaita kalmomin bautar wani addini da ba ka san ma'anarsu ba. Kai kana da naka. Ga yadda za ka fara, daga rayuwar da muka karanta.

Na farko, ari tsayuwar Shehu. Kafin ka fita gida da safe, tsaya a zaure ko a bakin ƙofar ɗaki. Waya tana aljihu. Ja numfashi a hankali sau 3, ka saki kafaɗunka. Tambayi kanka ina za ni, kuma domin wa. Ka yi niyyar neman halal, ka karanta addu'ar fita gida, sannan ka fita. In ka dawo ma ka tsaya kafin ka shiga, kada ka kai wa matarka da 'ya'yanka fushin kasuwa. 'Yar uwa, ke ma haka, kafin ki ɗora tukunya, kafin ki shiga aji ko ofis, kafin ki amsa wa wanda ya ɓata miki rai.

Na biyu, kada ka zabura da sallame salla. Zauna inda kake. Ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Amru, a Abu Dawuda da Tirmizi, cewa tasbihi 10 da hamdala 10 da kabbara 10 bayan kowace farilla suna da lada mai girma, kuma hadisin ya nuna masu kiyaye su kaɗan ne duk da sauƙinsu, saboda Shaiɗan yakan tuno wa mutum buƙatunsa. Yi su a hankali, kowace kalma da numfashinta, kana jin ma'anarta. 10 da hankali ta fi 1,000 da carbi yana gudu ido yana kan waya.

Na uku, ka samu lokaci guda na shiru a yini. Mafi kyawunsa bayan Asuba, domin Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa Annabi (SAW) yakan zauna a wurin sallarsa har rana ta fito. Mu nan Ƙofar Durbi mun san kafin hantsi titi ya cika da ƙarar babura da Keke Napep, amma wannan ɗan tsakanin kyauta ne. Fara da minti 5. Yi azkar ɗin safiya, sannan ka ɗauki ni'ima guda ka yi tunani a kanta: idonka, ruwan da ka yi alwala da shi, yaron da yake barci a ɗaki. Da dare in an ɗauke wuta, ɗaga kai ka dubi sama.

Na huɗu, hankalinka zai gudu. Tabbas zai gudu, tun kafin ka kai tasbihi na 4 ya tafi wurin mai binka bashi. Kada ka yi fushi da kanka, kada ka ce ni ban iya ba. Ka dawo da shi kamar yadda makiyayi yake dawo da akuyar da ta ratse, in ta sake ratsewa ya sake dawo da ita. Shehu da kansa yana sabunta niyya a gida, ya sake sabunta ta a majalisi. Dawowar nan ita ce aikin.

Na biyar, in tunani guda ya nace maka, duba jerin cututtukan nan ka sa masa suna. Hassada ce? Dogon buri ne? Munana zato ne? Cutar da aka gane ta fi sauƙin magani. In kuma abu ne da yake buƙatar aiki, kamar bashi ko saɓani da ɗan uwa, tashi ka yi abin da za ka iya yau, sauran ka miƙa wa Allah.

Sai gargaɗi guda. In damuwa ta kai mutum ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana jin rayuwa ta ishe shi, to wannan rashin lafiya ce, ba raunin imani ba. A kai shi wurin likita, a ci gaba da addu'a. Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani. Wanda kuma ya faɗa shaye-shaye don ya kashe tunani, a jawo shi a jiki, kada a kore shi daga masallaci.

Kada ka ɗauki biyar ɗin nan gaba ɗaya gobe, ka yar da su jibi. Ɗauki ɗaya, ka riƙe ta mako 2, sannan ka ƙara. Igiyar da Shehu yake tufkawa ma da zare ɗaya-ɗaya take yin ƙarfi.

Allah Ya sanya natsuwa a zukatanmu, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya mai da waɗanda suka bar gidajensu gida cikin aminci. Allah Ya jiƙan Shehu da malamansa da ɗalibansa, da iyayenmu da malamanmu baki ɗaya.